Malam Birki da Tsuntsayen Ƙanƙara

Ranar da aka sallamo Malam Birki daga asibiti, a kan kujerar roba aka hau da shi bene. Maƙwabta ne suka ɗauke shi, wasu a gaba wasu a baya, suna nishi suna tunatar da juna kwanar matakala, matarsa na biye da su riƙe da takalminsa da ledar magunguna. A hawa na uku suke zaune, ciki da falo da ɗan kicin, tagar falon tana kallon titi. Da aka ajiye shi a kan doguwar kujera, ɗaya daga cikin maƙwabtan ya share gumi ya ce, "Malam, ka daure ka warke da wuri, bayanmu ba zai ɗauki wannan aiki sau biyu ba."

Aka yi dariya. Malam Birki ya buɗe baki zai rama, don shi ba a taɓa zolayarsa ya bar ta ta kwana ba. Ya yi ta kokawa da harshensa, ana jira. Abin da ya fito kawai shi ne, "Hankali."

Koyar da tuƙin mota ne sana'arsa tun yana saurayi. Rabin direbobin unguwar a hannunsa suka koya, su ne ma suka laƙaba masa sunan, saboda yadda yake ƙwala ihun birki tun ana hangen kwana daga nesa. Mutum ne mai baki. Yana magana da ɗalibi, yana magana da mai tsallaka titi, ya dawo gida ya yi gardama da mai karanta labarai a talabijin. Sai ga shi hawan jini ya kayar da shi a bakin mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ta tafi gaba ɗaya, ta bar masa kalma guda. Da ita yake neman ruwa, da ita yake neman banɗaki, da ita yake faɗa.

Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Mama Tela, ba mai magana ba ce. Kekenta na ɗinki yana bakin tagar falo, nan ta yi shekaru tana taka shi, mijin yana zuba, ita tana cewa "to" da "uhm" da allura a bakinta. Ba ta taɓa tunanin cewa surutunsa ne ya cika gidan ba sai da ya ɗauke.

Da farko takalman masu dubiya ba sa ƙarewa a bakin ƙofa. Daga baya suka ragu. Hawa uku ba wasa ba ne, kuma zama da wanda ba ya amsawa yana da nauyi. Mutum ya zauna ya ce sannu, ya sake cewa sannu, ya dubi silin, ya ce bari ya gudu kada rana ta yi. 'Yar Fari tana aure a wani gari mai nisa, tana aikin ofis, sai waya. Auta kuma aikin kamfani ya yi nisa da shi, wayar ma sai an dace. Likitar gashin ƙashi takan zo ta lanƙwasa masa hannu da ƙafa, ta ce lallai ya riƙa gwada takawa da sanda. Ya gwada sau ɗaya a gaban baƙi, ya zube a tsakiyar falo, aka taso masa ana salati ana sannu. Tun daga ranar ko kallon sandar ba ya yi.

Mama Tela ta zaci labarai za su ɗebe masa kewa. Ta kunna masa, ta koma kan keke. Ba a jima ba ta ji numfashinsa ya canja. Wani ne a talabijin yake faɗin abin da Malam bai yarda da shi ba, ga amsa cike da bakinsa, ba hanyar fita. Ya ɗauki rimot da hannun hagu ya yi jifa da shi, murfin ya yi gabas batir ya yi yamma.

Ta tsinto ta ɗaure shi da kyauron roba. Wata rana da la'asar, zafi ya cika falon, fanka tana juya iska mai ɗumi, ta tsaya tana canja tasha ko za ta samu abin da ba gardama a ciki. Ta wuce ƙwallo, ta wuce masu rawa, ta wuce wani fili fari fat.

"Hankali," in ji Malam.

"Ruwa?"

Ya girgiza kai, ya nuna talabijin da haɓa. Ta dawo baya.

Ƙanƙara ce iya ganin ido, babu itace babu gida. Can sai ga wasu tsuntsaye a jere, tsaye cak kamar mutane, bayansu baƙi, cikinsu fari, fukafukan sun sauka a gefe kamar hannun riga da ya yi wa mai shi yawa. Suna tafiya suna rangaji, wannan ƙafa, waccan ƙafa. Wani mai taushin murya yana bayani da harshen da su biyun ba sa ji.

"Ikon Allah," ta ce. "Malam, ka ga inda kowa yake yawo da farin cikinsa a waje."

Ta faɗa ne kawai, ba ta sa ran komai ba. Daidai nan ɗaya daga cikin tsuntsayen ya taka santsi, ƙafafunsa suka yi sama, ya faɗi ta baya tim. Ya tashi ya karkaɗe jiki ya shiga layi. Na bayansa ko juyowa bai yi ba. Wani sauti ya fito daga ƙirjin Malam, har ta tsorata ta zaci ya shaƙe. Ashe dariya ce, a karkace, rabin baki, har da yawu. Ta goge masa da gefen mayafinta.

Da ta ba 'Yar Fari labari a waya, sai ta ce, "Mama, fengwin ake ce musu. A can ƙarshen duniya suke, inda ba mutane. Idan Baba yana so, ai finafinansu sun yi yawa." Da ta zo dubiya ta kawo su a filashi, ɗan abin ajiyar finafinai, ta soka a bayan talabijin, ta nuna wa uwar inda za ta danna. Kwana biyu ta yi ta koma.

Haka la'asar ta samu abin yi a gidan. Mama Tela takan gyara masa matashi, ta kunna, ta ja keke kusa. Da yake ba sa jin mai bayanin, Malam sai ya riƙa juyowa yana kallonta in wani abu ya faru, kamar mai tambaya. Ita kuma ba ta san komai a kan tsuntsayen ba. Sai ta fara ƙirƙira.

Akwai wani da ke tara ƙananan duwatsu yana gina sheƙa, in ya juya baya maƙwabcinsa ya lallaɓo ya ɗauke ɗaya.

"Ga Kawunka nan," ta ce. "Aron tsani ya zo yi. Ka yi masa bankwana da tsanin."

Malam ya buga hannun kujera. Kawun nasa ya daɗe da rasuwa, amma har ya bar duniya bai taɓa mayar da abin da ya ara ba.

Akwai inda sukan taru a bakin ruwa, kowa yana leƙawa, ba mai son fara faɗawa, sai an yi ta matsi na gaba ya sulluɓe. Ta ce waɗannan ɗalibansa ne ranar gwaji. Akwai wata ƙatuwa mai tafiyar ƙasaita, ta ce matar mai gidan haya ce ta zo duba famfo. Ta raba musu aure, ta haɗa su faɗa, ta yi musu sulhu. Wani lokaci sai ta ga zare ya ƙare a keke tun ɗazu tana taka banza. Ita kanta mamakin bakinta take yi. Ashe maganar tana nan, wuri ne ba ta samu ba.

Ba duka ne abin dariya ba. Idan guguwa ta taso, tsuntsayen sukan cure wuri ɗaya, kai a sunkuye, ƙanƙara tana dukan bayansu, na gefe yana kutsawa ciki, na ciki yana fitowa gefe. Wasu suna ɗauke da ƙwai a kan ƙafafunsu, sun rufe shi da fatar ciki, suna jan ƙafa don kada ya taɓa ƙasa. A irin nan takan yi shiru. Falon yana zafi, amma sai ta ji kamar sanyin yana taɓa fuskarta. Ga abu ana ta wahala a gabanta, kuma ba wanda zai kira ta ta kawo ruwa ko ta canja zanen gado. Kallo kawai ake so ta yi. Rabon da ta samu irin wannan hutu har ta manta.

Sai ranar da Sifana ya zo. Makanike ne, abokin Malam tun suna samari, shi ke gyara masa motar koyarwa. Tsakaninsu ba gaisuwa sai zolaya. Tun kwanciyar asibiti bai leƙo ba, kullum saƙo yake aikowa cewa yana nan tafe. Ya shigo yana haki, ya zauna a bakin kujera, ya riƙa ɗaga murya kamar Malam kurma ne.

"Birki! Jiki ya yi kyau! Ka ji ni? Na ce jiki ya yi kyau!"

Malam ya gyaɗa kai. Sifana ya murza hularsa, idonsa ya faɗa kan talabijin.

"A'a! Me zan gani? Kai da ke kayar da 'yan siyasa daga kan kujerar nan, yau kai ne ka koma kallon agwagi?" Ya tashi ya manne hannuwa a jiki, ya yi taku biyu yana rangaji. "Ko darasin tafiya kake ɗauka? Wallahi ka samu malamai. Malamin tuƙi ya koma ɗalibi!"

Da a da ne, da Malam ya wanke shi tas, ya tuno masa injin da ya taɓa haɗawa ya bar kusoshi a ƙasa, su yi ta yi har shayi ya huce. Yanzu jijiyar wuyansa ce ta tashi, leɓensa yana rawa.

"Hankali," ya ce.

"Ai kuwa a hankali!" in ji Sifana, ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu.

Mama Tela ta raka shi bakin matakala. Ta shirya maganar da za ta gaya masa, sai ta ga mutumin ya jingina da bango yana goge ido da hula.

"Maman yara, ki yafe ni," ya ce. "Tun daga gareji nake shirya abin da zan ce masa. Da na gan shi komai ya gudu. Ni ban iya wata magana da shi ba sai wannan."

Ya sauka yana riƙe ƙarfen matakala.

Washegari da ta ɗauki rimot, Malam ya kawar da kai. Ta kunna duk da haka, ya rufe ido. Da ta kai shi ɗaki ya kwanta, ya ƙi yarda a sake fito da shi falo. Can yake cin abinci, can likitar gashi take samunsa, fuskarsa a bango. Mama Tela ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce masa, "Don mutum ɗaya ya yi ɓaram-ɓarama sai ka hukunta ni?" Bai ko motsa ba.

Gidan ya koma yadda yake, har ya fi. Ƙarar keke, ƙarar fanka, hon ɗin motoci daga ƙasa. Ta karɓi ɗinkin kayan makaranta masu yawa don ta cika wunin. Takan tsinci kanta tana kallon agogon bango in la'asar ta yi, kamar mai jiran baƙo.

Ran nan dai ta kasa daurewa. Ta leƙa ɗaki ta ga idonsa a rufe, ta bar ƙofar a buɗe yadda ta saba, ta kunna talabijin ta rage murya. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba, hannunta babu ɗinki.

Wurin da ta tarar, wasu tsuntsayen ne suke dawowa daga teku, sun yi ƙiba, suna sulu da ciki a kan ƙanƙara. Suka iso inda dubbai suke tsaye, duk kama ɗaya. Wata ta tsaya ta sunkuyar da kai ta yi kira, ta saurara. Ta matsa gaba ta sake yi. Haka ta riƙa ratsa taron, kowa yana kuka, ita tana neman murya ɗaya.

"Ba shi ba ne," Mama Tela ta ce a hankali. "Wuce. Wannan ma mijin wata ne, ki dubi ƙeyarsa. Baiwar Allah, ki yi ta dama mana."

Sai ta ji ƙwas a bayanta. Ta sake jin ƙwas. Ta waiga. Malam ne a bakin ƙofar ɗaki, sandar a hannun hagu, kafaɗarsa a jikin bango, gumi ya jiƙe masa riga. Kafin ta miƙe, ƙafarsa ta ci amanarsa, ya sulale a jikin ƙyaure ya zauna daɓas, sandar ta faɗi gefe.

Ta yunƙura, sannu tana bakinta.

"Hankali!" Ya daka mata tsawa, idonsa ja.

Ta tsaya a durƙushe. Suka kalli juna. Sai ta juya ta fuskanci talabijin, ta haɗiye sannun.

"To," ta ce. "Ga ta can ta yi hagu. Ni na ce dama, ta yi hagu. Taurin kai irin na dangin mijina."

Tana ji yana jan jiki a kan leda, yana tsayawa yana numfashi, yana sake ja. Ba ta waiga ba. Ta yi ta zuba, ita kanta ba ta san me take cewa ba, har ta ji kafaɗarsa ta jingina da ƙafar doguwar kujera kusa da ita. A ƙasa suka ƙarasa kallon. Tsuntsuwar ta samu nata, suka haɗa ƙirji suka tsaya. Tayar da shi daga ƙasan kuwa sai da ta kira maƙwabci.

Da likitar gashi ta ji ya taka da kansa, ta ce to yanzu ne lokacin, kada a bari ya huce. Akwai cibiyar gashi da koyar da magana a garin da 'Yar Fari take, inda za a riƙa yi masa kullum. 'Yar Fari ta zo da mijinta da mota. Gidansu ƙasa ne, ba matakala.

"Mama, ki shirya mu tafi tare," ta ce.

"Kayan mutane fa? Na yanka yadi, makaranta ta kusa komawa. In na gama zan biyo ku."

Aka sake kiran maƙwabta. Mama Tela ta zare filashin daga bayan talabijin ta sa a aljihun rigar Malam. A mota ya riƙe mata yatsa da hannun hagu, sai da mijin 'Yar Fari ya tayar da inji sannan Malam ya saki. Ta tsaya a bakin titi har suka sha kwana, sannan ta hau. Ba ta taɓa jin tsawon matakalar ba kamar ranar.

Bayan 'yan kwanaki 'Yar Fari ta kira tana dariya.

"Mama, wai me kike gaya wa Baba a kan tsuntsayen nan? Na zauna ina fassara masa abin da mai bayanin yake cewa. Kin san masu riƙe ƙwan nan duk maza ne? Matan teku suke tafiya neman abinci."

"Maza? To, Allah ya ba su lada. Ya ji daɗin fassarar?"

'Yar Fari ta ce, "Yana dai kallo. Jiya barci ma ya yi a tsakiya. Amma yana takawa, Mama, har bakin ƙofa. Mai koyar da magana ta ce a yi haƙuri, abin ba ya son gaggawa. Ga shi, ki yi masa magana."

Ta ji an matsar da wayar, ta ji numfashinsa. Ta buɗe baki. Babu tsuntsu a gabanta, babu Kawu, babu matar mai gida. Ta tambaye shi jiki, ta ce ya riƙa cin abinci, ta ce ɗinki ya kusa ƙarewa. Ta rasa na ƙarawa. Sai 'Yar Fari ta karɓi wayar ta ce za su fita.

Da yamma wata mata ta zo karɓar kayan 'ya'yanta, ma'aikaciyar kantin magani ce a ƙasan layin. Ta saba ta karɓa daga bakin ƙofa ta juya. Mama Tela ta ce ta shigo ta zauna a ƙarasa maɓalli. Tana ɗinka maɓallin tana ba ta labarin cibiyar gashi, da mijin 'Yar Fari da ba ya wuce kowa a hanya, da yadda yadin bana yake zuba, da wata ƙasa da rana ba ta fitowa wata da watanni. Maɓalli ya ƙare, ta ce bari ta goge rigunan. Ta goge, ta ninke, ta warware ɗaya ta sake ninkewa.

Matar ta dubi wayarta ta miƙe. "Mama Tela, ashe haka kike da hira? Shekara nawa ina zuwa, ban taɓa jin kin haɗa magana uku ba."

"Ki sha ruwa mana kafin ki sauka."

"Wallahi na bar kanti ba kowa. Sai wani jiƙon. A gaida Malam in an yi waya."

Mama Tela ta raka ta bakin matakala ta tsaya riƙe da ƙarfen. Tana jin takun matar yana sauka, hawa na biyu, hawa na ɗaya, har ƙofar gidan ta yi ƙara ta rufe. Ta ɗan ƙara tsayawa ko wani zai hawo. Sannan ta koma ciki, ta jawo wando na gaba daga tarin, ta sa a ƙarƙashin allura.